Tarihin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Da Lokacin Sake Sabuwa

Ɗan uwa mai karatu, wataƙila kana da ɗa ko ƙane da ya shiga jami'a a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ya aiko ya ce sai an saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka. Wataƙila kuma ƙungiyarku ta manoma ce ke so ta saya wa sakatarenta, don lissafin taki da iri da bashi. Kuɗɗin ba ƙanana ba ne. Sau da yawa sai an saida rago, ko an buɗe rumbu.

In ka je kanti, mai saidawa zai ce maka: «Wannan ta bana ce. Waccan ta bara ce, ta tsufa.» Shin na'ura tana tsufa cikin shekara guda? Wa ya tsara cewa kowace shekara sai an fito da sabuwa? Amsar tana cikin tarihi, tarihin kuwa a Amurka ya faro. Mu bi shi sannu a hankali.

Mece ce ƙwaƙwalwar kwamfuta?

Cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan falle mai kusurwa huɗu, girmansa kamar farcen babban yatsa. Da wani sinadari ake yin sa mai suna silikon, wanda ake tacewa daga farin yashi. Shi ke yin dukan lissafi. Masu gyara suna ce masa furosesa. Mu za mu ce masa ƙwaƙwalwa.

Bisa fallen nan akwai ƴan ƙofofi da ido ba ya gani, sunansu taransisto. Tsofaffinmu sun san sunan tun daga rediyo mai batir. Aikin ƙofa guda ne: ta buɗe wutar lantarki ta wuce, ko ta rufe, kamar yadda mai noman rani ke buɗe bakin fangali ya kuma toshe shi. In ƙofofi sun yi yawa, aiki ya yi yawa.

Tuna ranar da ka fara rubutu bisa allo. Baƙi biyar sun cika allon. Da hannunka ya faɗa, sai rubutun ya ƙanƙance, allo guda ya ɗauki layi goma. Abin da masu ƙera ƙwaƙwalwa suke yi ke nan fiye da shekara hamsin: suna rage girman ƙofofi don falle guda ya ɗauki da yawa.

Mafarin al'amari

Cikin shekara ta 1947 aka ƙago taransisto a ɗakin bincike na kamfanin Bell, a Amurka. Cikin 1965 wani masani mai suna Gordon Moore ya duba yadda aikin ke tafiya, ya rubuta cewa yawan abin da ake iya zubawa bisa falle guda yana ninkawa kowace shekara. Cikin 1975 ya gyara lissafinsa, ya ce kowace shekara biyu. Wannan magana ita ake kira dokar Moore. Ba gwamnati ta kafa ta ba. Lura ce ta mutum guda, amma kamfanoni suka riƙe ta, suka mai da ita jadawalin aikinsu.

Kada ka raina ninki. Ɗauki ƙwayar hatsi guda ka ninka: 2, 4, 8, 16. A ninki na goma kana da 1,024. A ninki na ashirin ka wuce miliyan guda.

Moore da abokinsa Robert Noyce suka kafa kamfanin Intel cikin 1968, a jihar Kalifoniya. Cikin watan Nuwamba na 1971 Intel ya fito da ƙwaƙwalwa mai lamba 4004. Wani kamfanin Japan mai suna Busicom ya sa a yi masa ita don na'urar lissafi ta tebur. Ƙofofinta 2,300 ne. Riƙe wannan lamba, za mu komo gare ta.

Zamanin shekara uku ko huɗu

A farkon zamani ba a fitowa da sabon iri kowace shekara. Ga jerin manyan ƙwaƙwale na Intel, da shekarunsu, da yawan ƙofofinsu:

1978: mai lamba 8086, ƙofofi 29,000.
1982: mai lamba 286, ƙofofi 134,000.
1985: mai lamba 386, ƙofofi 275,000.
1989: mai lamba 486, ƙofofi fiye da miliyan 1.
1993: Pentium, ƙofofi fiye da miliyan 3.

Duba tsakaninsu: shekara huɗu, uku, huɗu, huɗu. A tsakiya ana ɗan ƙara wa iri guda sauri, amma suna ba ya sakewa sai an yi sabon gini. Wanda ya ji sabon suna a lokacin ya san lalle akwai sabon abu.

A wannan zamani ne kwamfuta ta fara barin tebur. Cikin 1981 wani mutum mai suna Adam Osborne ya fito da wadda ake ɗauka a hannu. Nauyinta kusan kilo 11, kamar keken ɗinki cikin akwatinsa. Ta samu kasuwa ƙwarai. A farkon 1983 sai ya yi shelar wata sabuwa da ta fi ta, alhali kuwa bai gama shirya ta ba. Ƴan kasuwa suka janye odarsu, suka ce sai sabuwa ta zo. Kaya suka taru a sito, kuɗɗi suka daina shigowa. Cikin watan Satumba na wannan shekara kamfanin ya karye. Masu bin tarihi sun ce akwai wasu dalilai kuma, kamar gasar wani kamfani mai suna Kaypro da ke saida tasa da rahusa. Duk da haka labarin ya zama izina ga masu ƙira: maganar sabo tana iya kashe kasuwar abin da ke hannu. Cikin 1985 kamfanin Toshiba na Japan ya fito da mai kilo 4, mai batir, wadda ake ɗorawa bisa cinya. Irinta ce ta haifi waɗanda muke gani yau.

Sabo kuma ba kullum yake zuwa lafiya ba. Cikin 1994 wani malamin lissafi na Amurka, Thomas Nicely, ya gano cewa Pentium tana kuskure a wasu lissafin rabawa. Dole Intel ya yarda ya musanya wa mutane, ya ware dalar Amurka miliyan 475 don wannan aiki. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Waɗanda suka yi gaggawar saye su ne suka fara cin karo da aibin.

Da zafi ya tare hanya

Ƙwaƙwalwa tana aiki da bugu, kamar zuciya. Ta 1971 tana bugawa sau 740,000 cikin sakan guda. Shekara da shekaru kamfanoni suna tsere a kan wannan sauri, shi suke rubutawa da manyan baƙaƙe a talla. Pentium 4 ta fito cikin shekara ta 2000. Zuwa 2004 ta kai bugu miliyar 3 da miliyan 800 cikin sakan. Miliyar guda miliyan dubu ke nan. Nan fa tsere ya tsaya, don zafi ya yi yawa. A wannan shekara Intel ya soke shirinsa na kai ta miliyar 4.

Ga tafi-da-gidanka, zafi masifa ne: batir ya ƙare da wuri, fanka ta yi ta kuka. Magani ya fito daga wata hanya. Cikin 2003 injiniyoyin Intel na birnin Haifa suka tsara Pentium M, wadda ke bugu a hankali amma kowane bugu yana aiki da yawa, ba ta kuma shan wuta sosai. Cikin 2006 aka sa ƙwaƙwalwa biyu bisa falle guda, aka kira ta Core Duo. Maimakon a yi ta dukan sa guda don ya ƙara sauri, sai aka ɗaura shanu biyu a garma.

Lugude: 2007 zuwa 2016

Daga 2007 Intel ya kafa wa kansa sabuwar al'ada, ya sa mata suna tik-tok, wato ƙarar agogo. Ba TikTok na wayar salula ba. Ka san lugude, mata biyu a turmi guda, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke. To, haka abin yake. Bana a ƙanƙanta ƙofofi, a bar tsarin ginin yadda yake. Baɗi a bar girman ƙofofi, a sake tsarin gini. Ta haka kowace shekara akwai sabon zubi a kasuwa.

Ana auna ƙanƙantar aikin da nanomita. In ka raba milimita guda gida miliyan, kashi guda shi ne nanomita. Ƙwaƙwalwar 1971 awonta 10,000 ne. Cikin 2007 aka sauko 45, cikin 2010 aka kai 32, cikin 2012 aka kai 22, cikin 2014 aka kai 14. Lura da kyau: ko a zamanin lugude, ƙanƙantawa ta gaske kusan kowace shekara biyu ake yin ta. Amma masu saye suka saba da jin sabon suna kowace shekara. Kamfanonin da ke harhaɗa kwamfuta, irin su HP da Dell da Lenovo, su ma abin ya yi musu daɗi, don suna son sabon kaya lokacin komawa lakkwal da bukukuwan ƙarshen shekara. Kowane watan Janairu kuma akwai babban baje kolin na'urori a birnin Las Vegas, inda kowa ke so ya nuna abin da ya tanada.

Suna ya sake, ƙwaƙwalwa tana nan

Daga awo 14 sai hanya ta yi wuya. Yayin da ƙofofi suka ƙara ƙanƙancewa, aikin ya ƙara tsada. Injin da ke zana ƙofofi mafi ƙanƙanta kamfani guda ke ƙera shi, ASML na ƙasar Holan, kuma kuɗɗin guda ya wuce dalar Amurka miliyan 100. Cikin 2016 Intel ya sanar cewa ya bar lugude, ya koma taki uku: a ƙanƙanta, a sake tsari, a yi kwaskwarima. Awo 10 da aka yi tsammani da wuri bai yawaita cikin tafi-da-gidanka ba sai 2019.

Amma sunaye ba su tsaya jira ba. Zubi na 6 ya fito cikin 2015, na 7 cikin 2016, na 8 cikin 2017, dukansu a awo 14. Tsakanin na 6 da na 7 tsari guda ne, an ɗan ƙara sauri kaɗai. Mai rubuta takarda ko mai lissafin ƙungiya ba zai ji bambanci ba. Wanda ya saida ta 6 ya sayi ta 7, suna ya saya.

Zubi na 8 kuwa dabam yake. Cikin 2017 kamfanin AMD ya shigo da ƙarfi da ƙwaƙwalwarsa mai suna Ryzen. A wannan shekara Intel ya mai da shanun garmar nan daga biyu zuwa huɗu a cikin siraran tafi-da-gidanka masu i5 da i7. Wannan ƙari ne da hannu ke ji. Ka ga ke nan, shekara guda tana iya kawo babban abu, wata ta zo da ɗan kaɗan, amma talla iri ɗaya za ka ji.

AMD ma ya taɓa yin irin wannan. Cikin 2023 ya fito da jerin Ryzen 7000 na tafi-da-gidanka. A ƙarƙashin wannan lamba guda akwai sabon tsari, akwai kuma tsarin da ya fara fitowa tun 2019. Sai wanda ya san karanta lamba ta uku ke rarrabe su.

Wani babban taki ya zo cikin Nuwamba 2020. Kamfanin Apple ya fara barin ƙwaƙwalwar Intel, ya tsara tasa mai suna M1, kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera masa. Ba ta zafi sosai, har wata tafi-da-gidanka da aka sa mata ita ba ta da fanka sam. Ƙofofinta miliyar 16 ne. Ka tuna 2,300 na 1971? Ninki kusan 23 ke nan cikin shekara 49. Lissafin Moore bai yi nisa da gaskiya ba. Shi kansa ya rasu cikin 2023, yana da shekara 94. Bayan M1 aka yi M2 cikin 2022, M3 cikin 2023, M4 cikin 2024, M5 cikin 2025. Kowace ta fi ta gabanta, amma ba wadda ta yi tsalle irin na farko.

Mai yanke wa tsohuwa wa'adi

Ƙwaƙwalwa ba ta cika mutuwa don tsufa ba. Abin da ke tsufar da kwamfuta shi ne manhajar da ke tafiyar da ita. A yawancin waɗanda ke kasuwanninmu sunan manhajar Windows, ta kamfanin Microsoft. Ɓarayin intanet kullum suna biɗar ɓaraka a cikinta, kamfanin kuma yana aiko da faci. Ranar da ya daina aiko da faci, na'ura ba ta mutuwa. Tana aiki, amma ta zama ɗaki da ba mai gyara masa kwaɗo.

Windows XP ta fito cikin 2001, aka daina mata faci cikin 2014. Windows 7 ta fito cikin 2009, aka daina cikin 2020. Windows 10 ta fito cikin 2015, aka rufe wa'adinta ranar 14 ga Oktoba 2025, tare da ƙarin shekara guda ga waɗanda suka yi rajista. Wato kowace ta yi shekara goma ko fiye. Windows 11 ta fito cikin 2021 da sharaɗi: in ƙwaƙwalwar Intel ce, sai zubi na 8 ko wanda ya biyo baya, ban da ƴan kaɗan da aka keɓe. Wani kamfanin bincike mai suna Canalys ya ƙiyasta cikin 2023 cewa wannan sharaɗi na iya mai da kwamfuta kusan miliyan 240 kayan juji, alhali da yawansu lafiya lau suke.

Ina tsofaffin ke zuwa?

A nan ne tarihin ya iso ƙofar gidanmu. Ma'aikatu da kamfanoni na Turai da Amurka sukan sake na'urorinsu bayan shekara uku zuwa biyar. Waɗanda suka ajiye ana loda su a jirgin ruwa, su sauka a bakin teku irin su Legas da Lome, su bi ta hannun ƴan kasuwa har su iso kantunanmu. Su ne kwamfuta ta hannu. Da yawansu ƙarfafa ne, sun kuma buɗe wa ɗiyan talakawa hanyar karatu. Amma akwai gurɓatattu a ciki. Wani bincike da jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin Legas cikin 2015 da 2016 ya tarda cewa kayan lantarki na hannu kusan tan 60,000 ke shiga kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka sa hannu a Bamako bisa yarjejeniyar hana shigo da shara mai guba. Duk da haka, duk lokacin da can aka yi gaggawar sake na'ura, ragowar nan take gangarowa.

Abin da tarihi ya nuna

To, sau nawa ya kamata a fito da sabuwar ƙwaƙwalwa? Ƙirga manyan takun da muka gani a tafi-da-gidanka: 2003, 2006, 2017, 2020. Tsakaninsu akwai shekarun lugude da ci gaba ke taruwa kaɗan kaɗan. Ba a taɓa yin babban taki shekara biyu a jere ba. A ganina, da kamfanoni za su sake suna bayan shekara biyu ko uku, lokacin da sabon abu ya nuna, da mai saye ya huta da ruɗani, juji kuma ya ragu. Fitowar kowace shekara tana da nata amfani, mu faɗi gaskiya: ƙananan gyare-gyare suna isowa da wuri, kuma sabuwa tana karya farashin ta bara. Wannan rahusa kai ne za ka ci ta, in ba ka bi suna ba.

Jadawalin kamfani nasa ne. Naka lokacin aikinka ne zai faɗa maka. A ƙasarmu ƙura da zafi da wutar da ke hawa tana sauka su ke kashe kwamfuta tun kafin ƙwaƙwalwarta ta gaza. In taka ta fara nauyi, kai ta wurin mai gyara tukuna. A share ƙurar fanka. A sake batir. In rumbun ajiyarta tsohon yayi ne mai faifai da ke juyawa, a sa mata sabon iri da ake kira SSD. A ƙara mata abin da masu gyara ke kira RAM, wato tabarmar da take baje aiki a kai, ta kai giga 8. Sau da yawa wannan ya isa. In kuma Windows ta yi mata wa'adi, akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma cikin 1991. Tana tafiya bisa tsofaffin na'urori, ana kuma yi mata faci. Lokacin sakewa ya yi in an yi duk wannan aiki bai tafi ba, ko kayan gyara sun ɓace a kasuwa, ko kuɗɗin gyara ya kusa kuɗɗin wata.

In kuwa saye za ka yi, kada ka tsaya jiran ta baɗi, don kullum akwai ta baɗi. Karanta lamba. Kada ka tsaya ga takardar da aka liƙa a jiki. Ce a kunna, a nuna maka cikakken sunan ƙwaƙwalwa bisa allon na'ura. In ka ga i5-7200U, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubi: na 7 ke nan, ba ya cikin sharaɗin Windows 11. In ka ga i5-8250U, zubi na 8 ne, ya shiga. In ka ga i5-1135G7, lamba biyu na farko za ka karanta: zubi na 11. Kada kuma i7 ta ruɗe ka. Mai i7-4600U ta 2013 ce, mai i3-10110U ta 2019 ce. Ta farko ta girme ta biyu da shekara shida, ko da lambarta ta fi cika baki.

Ba a cinikin biri a sama. Sa a cire waya daga bango ka ga minti nawa batir zai riƙe. Taɓa kowane baƙi bisa madannai ka ga yana rubutu. In zubin ya gaza na 8, ba laifi ba ne a saye ta don koyon rubutu da lissafi, amma faɗa wa mai saidawa ka san shekarunta, ya rage maka kuɗɗi daidai da su.